Rubutun Hure

Hure 'yar Ɗanmusa takan haddace duk abin da ta ji sau ɗaya, amma da ta riƙe fensir sai haruffa su watse kamar kaji sun bi ta kan takardar. Malam Sufyanu, hedimasta, ya gano ciwon nan take: lalaci ne, maganinsa bulala. Innarta kuwa ta karɓo mata rubutun sha. A wata uku yarinya ta sha rubutu kwano-kwano, ko ɗigo bai fito ta hannu ba.

Da aka ce za ta maimaita aji uku, Ɗanmusa ya kai ta asibiti a Anka. Likita ya gwada jininta, ya tambaya ko an taɓa niƙa dutsen zinariya a gidan. An taɓa. Ya ce wataƙila gubar dalmar da ke cikin dutsen ce, amma basirarta lafiya lau, hannun ne ba ya bin umarni. A yi mata jarrabawa da baki. Ya rubuta haka ya ba su.

Da suka kai ta makaranta, hedimasta ya juya takardar sama da ƙasa. "Ɗanmusa, wannan Turanci ne ko Larabci?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka yi boko."

Sai Hure ta maimaita masa maganar likita kalma-kalma.

"To, likitan ma mu kawo shi aji uku?" in ji Ɗanmusa.

"Wannan rubutun manya ne," in ji hedimasta, ya cusa takardar aljihu.

Ranar Litinin Hure ta amsa tambayoyi da baki, ta wuce aji huɗu.