Ruwan Kududdufi a Jikin Bango

Duk Ƙofar Mata babu wanda bai taɓa sa wa Malam Maharazu albarka ba, sai mutum ɗaya, wato mahaifinsa, Malam Salihu marini.

Ba wai gaba suke yi ba. Maharazu ɗan fari ne, dattijon kuwa yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, in zai yi masa magana sai ya dubi wani ya ce, "Ku gaya wa wancan." Kowa ya san al'ada ce. Amma Maharazu yana ganin akwai abin da ya wuce al'ada, kuma abin ya daɗe yana cin sa.

Yana yaro kurkunu ya fito masa a gwiwa, ya kwantar da shi damina guda, da ya tashi ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Aikin marini kuwa tsuguno ne a bakin rijiyar rini tun safe har yamma. Saboda haka ranar da mai unguwa ya zo neman yaro ɗaya daga gidan don makarantar boko, ba a yi doguwar shawara ba. Aka ɓoye ƙanensa Lawal a ɗakin girki, aka miƙa mai ɗingishi. Maharazu bai taɓa manta wannan rana ba, ya san an bayar da shi ne don ba a ga amfanin da zai yi a gida ba.

To, mai ɗingishin nan shi ne ya gama elementare, ya gama Midil, ya yi horon malanta. Ya koyar a ƙauye ƙarƙashin bishiyar tsamiya, da allo ɗaya da ake jinginawa a jikinta, ya zama hedimasta, aka tura shi kwas Zariya. A shekarun nan da ko'ina ake ta maganar mulkin kai aka dawo da shi Kano, kwalejin horon malamai da ke bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Na'isa, yana koyar da waɗanda gobe su ma za su koyar. Idan ya fito da safe cikin farar rigarsa a kan keke, har mata kan leƙo ta zaure su nuna wa 'ya'yansu shi.

Daga Zariya ya dawo da ƙaunar majigi, na'urar nan mai jefa hoto a bango. Akwai ɗaya a kwalejin, tana kulle cikin akwati tun da aka kawo ta, don sauran malamai tsoron taɓa ta suke yi kada ta lalace a hannunsu. Maharazu ya fito da ita ya goge. Labari ya kai gida, abin da kawai Malam Salihu ya ce shi ne, "Ashe duk karatun nan a wasan dodon bango ya ƙare." Gwaggo 'Yardada, ƙanwar dattijon, ita ta kawo wa Maharazu maganar, ba ta rage ko kalma ɗaya ba, don ita ba ta iya ajiye zance a cikinta.

Darasin da ya fi damunsa shi ne na kurkunu. Ya sha gaya wa ɗalibansa cewa cikin ruwan kududdufi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, su ke ɗauke da tsutsar, in an sha ruwan sai ta girma a jikin mutum. Sukan rubuta don jarrabawa, amma a idonsu yakan ga ba su yarda ba. Ga shi kuma sun kusa gamawa, za a watsa su ƙauyuka inda kowa kududdufi yake sha. Sai ya yi wata dabara. Ya sami gilasai biyu ƙanana, ya liƙe gefunansu da danƙo, ya bar 'yar kafa a tsakani, ya zuba ruwan kududdufi a ciki, ya zura a inda ake zura hoto. In ta yi, ƙwarin da kansu za su fito a bango, da ransu.

Ranar farko abin kunya aka yi. Tagogin ajin na katako ne, duk sun tsattsage, rana ta yi ta kwararowa. Babu abin da ya fito sai wani dishi-dishi. Wani ɗalibi mai suna Isyaku, magidanci ne har da gemu, ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Malam, mu dai bango muka gani." Ajin ya yi ta tarin ƙarya don ɓoye dariya.

Shugaban kwalejin ya ce darasi a lokacin darasi ake yi, ba zai bari a mai da masa makaranta gidan sinima bayan magariba ba. Sai dai a nemo duhu da rana tsaka. A duk Kano kuwa Maharazu ya san inda ake yin duhun da rana ba ta ratsawa, ya kuma san mai shi.

Bayan la'asar ya je karofi, filin rijiyoyin rini na gidansu. Ya durƙusa iyakar yadda gwiwar ta yarda, ya gai da mahaifinsa, ya faɗi buƙatarsa: aron baƙaƙen zannuwa masu kauri, na yini guda, a rufe tagogi.

Malam Salihu bai ɗaga kai daga rijiyar ba. Ya ce da Lawal, "Gaya masa kayan da ke nan na mutane ne, amana ba ta fita aro. A gidan nan kuma, ɗan gida ba a yi masa rini. Wanda ke son baƙi ya kawo farinsa ya tsoma hannunsa."

Marinan da ke kusa duk sun gane kora ce aka yi da ladabi. Wane malamin kwaleji ne zai tuɓe farar riga ya tsuguna cikin warin shuni, balle mai ƙafa ɗaya da rabi? Maharazu ya ji zuciyarsa ta tafasa, ya yi godiya, ya tafi.

Washegari ya dawo da farin saƙi ɗaure a bayan keke. Ya rataye rigarsa a jikin bishiya, ya ɗaura tsumma, ya nemi rijiya. Tsuguno ya gagara, sai ya zauna dirshan a ƙasa ya miƙe gurguwar ƙafar gefe, ya sunkuya. Ya tsoma zane, ya juya, ya fitar, ya baza a iska yana kallon koren yana komawa shuɗi, ya sake tsomawa. Hannunsa ya tuna abin da ya gani yana yaro, amma bayansa bai san aikin ba, ya yi ta ihu. Marina suka yi ta tsokanarsa, wannan ya ce Malam a rubuta mana a allo, wancan ya ce yau boko ya zo ɗaukar karatu. Ya yi dariya tare da su, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Haka ya riƙa yi kullum bayan an tashi daga aji, don baƙin gaske ba a tsomawa ɗaya ake samunsa ba. Shuni ya kama hannuwansa har gwiwa, babu sabulun da ya iya da shi. Da su ya riƙa rubutu a allo, bai ɓoye ba. Matarsa ta ce ko zai riƙa sa riga mai dogon hannu, ya ce a'a.

Wani abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Kullum in ya dawo sai ya ga zannuwan sun fi yadda ya bar su duhu. Ya tambayi Lawal, Lawal ya rantse bai taɓa ba. Ya tambayi Gwaggo 'Yardada, ta taɓe baki.

"Ni ina ruwana da sha'aninku? Tsoho dai kwana biyun nan da an idar da asuba ba ya dawowa shan koko. Ban ce komai ba."

Maharazu bai yarda ya sa rai ba. Ya ce wa kansa, marini ne kawai da ba ya son rini maras kyau ya fita daga karofinsa.

Ranar darasi da hantsi, ɗalibai na cikin kafa zannuwa a tagogi, sai ga Malam Salihu a bakin aji, da rawaninsa da sandarsa, hannuwansa baƙi ƙirin kamar kullum. Tun da aka kai Maharazu boko ƙafar dattijon ba ta taɓa taka wata makaranta tasa ba. Ya dubi Isyaku, don shi ne mai gemu, ya ce, "Na zo in ga ko haske zai ratsa kayanmu. In ya ratsa, sunanmu ne zai ɓaci." Aka ba shi benci a can baya.

Aka rufe ƙofa, aka saki zane na ƙarshe. Ajin ya yi duhu ɗumɗum, ko tafin hannu ba a gani, alhali a waje rana na tsakar aikinta. Maharazu ya yi bisimilla, ya ɗebi ruwan da ɗaliban da kansu suka kawo daga kududdufin bayan ganuwa, ya zuba a gilashi, ya zura, ya kunna.

Da farko haske ne kawai. Ya murza idon majigin a hankali. Sai ga su nan. Waɗansu halittu masu ƙahonni da jela, kowacce ta kai girman ɓera a jikin bangon, suna zillo, suna tsayawa, suna sake zillo. Wani ya yi salati a hankali, benci ya yi ƙara.

"Ba hoto ba ne," in ji Maharazu. "Ruwan da kuka ɗebo ne da safe. Isyaku, da ka dube shi a kwano me ka gani?"

"Ruwa garau, Malam."

"To ga abin da ke ciki. Irin waɗannan ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, mu kuma mu haɗiye su. Sai shekara ta zagayo tsutsa ta fito, a ce sammu ne, a ce an taka sawu."

Sannan ya zare gilashin, ya sa aka ɗan ɗaga zane ɗaya don kowa ya gani. Ya ɗauko ɗan farin ƙyalle mai matsattsen saƙa, ya ɗaura a bakin kwano, ya tace sauran ruwan. Ya ɗauraye gilashin ya cika shi da tataccen, aka saki zane, ya zura. Bango ya fito fes, babu abin da ke motsi. Ya bar su suna kallo, don ya san wannan farin bangon ya fi duk abin da ya taɓa rubutawa a allo.

Da aka yaye zannuwa ya ce ko da mai tambaya. Hannuwa suka tashi. Can baya kuma wani baƙin hannu ya tashi a hankali, mai shi yana kallon yadda sauran suka yi.

"Malam," in ji Malam Salihu, "ina da tambaya."

Maharazu ya dafa tebur. Tun da aka haife shi wannan bakin bai taɓa fuskantarsa da magana kai tsaye a gaban mutane ba, balle da wannan suna.

"Na'am, Baba."

"Ƙyalle kawai? Ba magani, ba rubutu?"

"Ƙyalle kawai, Baba. Ko a tafasa."

Dattijon ya daɗe yana kallon gwiwar ɗansa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa duka a cikin ƙyallaye, gidansa bai taɓa rabuwa da su ba ko yini ɗaya. Kowa a ajin ya ga abin da ke yawo a ransa, babu wanda ya yi motsi.

"Ba mu sani ba," in ji dattijon. "Wallahi ba mu sani ba."

"Babu wanda ya sani a lokacin, Baba. Shi ya sa nake nan."

Malam Salihu ya miƙe da sandarsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya dubi ɗaliban, manyan mutane masu shirin tafiya ƙauyuka.

"Abin da Malam ya nuna muku, ku kai shi duk inda aka tura ku, kada ku bar shi a nan." Ya dubi Maharazu. "Ɗana ne. Shi ne babba."

Maharazu ya juya wajen majigin kamar mai neman kashe shi, alhali tuni ya kashe. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Da aka tashi ya tarar dattijon na zaune a gindin bishiya yana jiransa. Bai hau keken ba, ya tura shi, suka shiga ta Ƙofar Na'isa. Malam Salihu mutum ne mai sauri, duk rayuwarsa a gaba yake tafiya, kowa ya biyo shi in zai iya. Ranar nan kuwa ya rage tafiyarsa daidai da ɗingishin ɗansa, kafaɗa da kafaɗa, har Ƙofar Mata, kuma duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya an gaisa.