Gorar da Baffa Ya'u Ya Shanye

A shekararta ta ƙarshe a sashen kimiyya na wata kwaleji a Azare, Ummu Salma ta zaɓi aikin da malamai suka ce ya fi ƙarfin ɗakin gwajinsu. A cikin ruwan dankali akwai wani sinadari, inzayim, mai haɗa abubuwa su zama sabon abu. Shi kaɗai ba ya aikin. Sai an tsoma sandunan gawayi biyu na tsohon batir a ruwan, an saki wuta kaɗan-kaɗan, ta samar masa abin da yake buƙata, sannan ya mai da farin ruwa jan rini. Ranar Laraba mai jarrabawa zai zo daga Bauchi. In launi bai fito ba, za ta maimaita shekara.

Inzayim ba ya son zafi, ga shi an kwana biyu ba a kawo wuta ba. Sai ta zuba ruwan dankalin da ta tace a gorar roba, ta cusa can ƙasan kular ƙanƙarar Goggo, yayar babanta, mai sayar da kunun aya.

Da hantsin Laraba Baffa Ya'u, ƙanen Goggo, ya iso daga Gololo. A gidan nan kuwa, gorar da ta fi sanyi ita ake ba baƙo. Goggo ta zura hannu har ƙasa.

Ummu Salma ta fito a shirye, ta tarar da gorar a gabansa, wayam.

"Baffa, shanyewa ka yi?"

"Tas. Allah ya yi albarka."

"Ba ka ji wani iri ba?"

"Na ji mana. To, in ce wa yayata kununta ba sukari?"

Goggo ta riƙe haɓa. "Ke ma ja'ira, wa ya ce ki zuba karatunki a gorar kunu? Ba zai kashe shi ba dai?"

"Dankali ne da gishiri, Goggo. Ni ce zan mutu."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya miƙe ya kwance buhun da ke bayan babur ɗinsa. Tsaraba ce, dankalin fadama, haƙar jiya.

Goggo tana fera, Baffa yana gurzawa yana mitar shi baƙo ne, Ummu Salma tana tacewa da farin ƙyalle a kan ƙanƙara. Shi ya kai ta makaranta, kular tsakaninsu.

Mai jarrabawar dattijo ne mai tabarau, marar yawan magana. Ta zuba sinadaranta, ta haɗa waya da batir. Shiru. Ruwa yana nan fari. Can sai wani ja siriri ya ɓullo jikin sanda ɗaya, ya fara bazuwa.

"Cire wayar," in ji shi.

Ta cire. Jim kaɗan launin ya daina ƙaruwa.

"Mayar."

Ta mayar, ja ya ci gaba da cin kofin. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa.

"Kin ci," ya ce. "Malama, a ina kike so ki ci gaba da karatu?"