Karkataccen Layi a Allon Malam Ƙasimu

"Ɗauke wannan allon ma, Lawan. Shi ma a karkace yake," in ji Malam Ƙasimu.

Lawan mai shagon kwamfuta ya kalle ni, ni kuma na kalli silin. Monita ta uku ke nan, wato allon kwamfuta, da ya jona wa Malam Ƙasimu tun da muka shigo shagon nan na titin Beirut, kowace sai ya rungumo ta daga kan kanta yana nishi, don irin masu ƙatuwar ƙeya ne.

Malam Ƙasimu maƙwabcina ne a Nassarawa GRA. Kada wani ya ji GRA ya ɗauka mu ne masu gidajen. Ɗakunan baya muke haya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, har matata Dinatu da matarsa Hasiya kan miƙa wa juna gishiri ta samanta. Ni malamin lissafi ne, daga Zariya na zo. Shi kuwa zanen gini yake yi wa 'yan kwangila. Tun da siyasa ta dawo aka shiga gina ajujuwa da ɗakunan shan magani, aiki ya yi masa yawa, sai dai kowa ya ce zanen kwamfuta yake so. Dole ya jingine babban teburinsa da fensira, ya koyi na zamani da furfurarsa. Bai jima ba ya fara ƙorafi cewa allon kwamfutarsa yana lanƙwasa masa bango. Da yake ina da tsohuwar fijo, ni ya roƙa in kawo shi ya sake wani.

Ba a zaɓen monita da Malam Ƙasimu a gurguje. Sai ya sa an buɗe zanensa, ya zana da'ira ya ga ko za ta fito kamar ƙwai. Ya ja layi siriri ya matso da hancinsa ya ga ko yana rawa. Daga nan ya zaro rular ƙarfe daga aljihun rigarsa ya ɗora a kan gilashin.

"Malam, ai waɗannan dole ka ga haka," in ji Lawan. "Gilashinsu tumbi gare shi. In miƙaƙƙen layi kake so, sai dai shafaffiyar nan da ta shigo."

Ya fito da ita daga kwali, siririya, hannu ɗaya ya ɗauke ta. Da ya kunna har ni sai da na ce kai! Bangon ajujuwan ya fito fari tas a kan baƙi, kowace kusurwa a zaune. Na yi murna za mu tafi gida, don yunwa nake ji.

Malam Ƙasimu ya ɗora rularsa. Rular ta kwanta lif da layin, ba ko tazarar gashi. Na ɗauka zai ce madalla. Ya cire rular daga jikin allon, ya ɗaga ta sama wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana kallonta.

"Malam Mika," ya ce a hankali, "rular nan a miƙe take?"

"A miƙe take mana."

"Tsakiyarta ba ta lotsa ba?"

Ni mutum ne matsoraci, ban taɓa ɓoyewa ba, ko allura aka fito da ita sai na juya baya. Amma irin tsoron da na ji a shagon nan daban ne, don na ga gefen bakinsa na hagu ya ɗan saki, kuma gumi yana bin wuyansa alhali fanka na kansa. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya sake rufe ɗayan. Rular ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa da ƙara.

Lawan ya sunkuya ya ɗauko. "Ko in kawo wata monitar, Malam?"

"A'a. Sa min wannan a kwali. Ba ta da laifi."

A mota ya rungume kwalin a cinyarsa. Muna bin bayan wata a-daidaita-sahu cike da mata na ce, "Mu biya asibiti, don Allah. Ga shi a kan hanyarmu."

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta lanƙwasa ƙarfe, Malam Ƙasimu. Tun yaushe kake ganin haka?"

"Tun kafin azumi." Ya ƙara da cewa, "Da ciwon kai, nan ta baya. Na ɗauka hasken tsohon allon ne." Ya juyo ya dube ni. "Ka san sana'ata. Ranar da aka ji idon Ƙasimu ba ya ganin daidai, ba mai sake ba ni ko zanen bayan gida. Bari in miƙa wa Alhaji Garba ɗan kwangila ajujuwansa ranar Asabar, sai mu je. Kuma kada ka tayar wa Hasiya da hankali."

Ban yi masa alkawari ba. Muna isa na gaya wa Dinatu, ita kuma ko ɗankwali ba ta gyara ba ta leƙa ta katanga. Da yamma muna jiyo muryar Hasiya tana roƙonsa, tana haɗa shi da Allah da Annabi. Bayan isha'i ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kansa.

"Kai dai ba a ba ka ajiya," ya ce, yana dariya da rabin baki. "To, na ji. Gobe da hantsi ka kai ni. Bari in rufe bangon ƙarshe kawai."

Washegari na nemi izini a makaranta. Ina duba ruwan mota sai na ji wani abu ya faɗi a ɗakinsu, kamar an yar da buhu. Sai kuma ihun Hasiya, tana kirana da sunan 'yata.

"Baban Amanda! Baban Amanda, ka zo!"

Ban san yadda na tsallake katangar ba. Yana kwance a gefen kujera, ƙafa ɗaya a naɗe, idonsa a buɗe yana kallona. Bakinsa na motsi, magana ba ta fita. Tanko mai gadin babban gidan ya kama ƙafafu, ni na kama kafaɗu. Muka sa shi a mota, na kasa zura makullin, sai Tanko ne ya murɗa min.

Hasiya ta zauna a baya da kansa a cinyarta, tana ta maimaita masa kalmar shahada. Ni kuma ina tawa addu'ar a zuci, ina danna oda. A shataletale muka tarar da ayarin 'yan siyasa sun cika titi da babura da tutoci. Na fito da kai ina ihu, "Mara lafiya ne! Ku ba mu hanya!" Wasu samari suka ji, suka shiga ture babura gefe suna ɗaga mana hannu. Muna fita daga cunkoson na lura Hasiya ta daina magana. Na kasa duba madubi.

"Baban Amanda," ta ce, "rage gudu."

A asibiti likita ya fito har bakin mota ya duba shi, ya ce ya riga ya cika, jini ne ya hau ya fasa jijiya a ka, kuma da alama ya daɗe yana ba da sanarwa. Bayan azahar aka yi masa salla. Na tsaya daga gefe, sannan na bi su har maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna.

Da la'asar gidan ya cika da mata. Dinatu ta fito ta same ni a gindin darbejiya.

"Hasiya ta ce ka taimaka ka kashe na'urar nan. Tun safe take ƙugi, ba wanda ya iya ta, kuma tsoron shiga ɗakin take."

Ranar, abin mamaki, ba a ɗauke wuta ba. Na cire takalmi na shiga. Kujerar na nan a kife. Allon ya yi duhu, amma ina taɓa linzamin kwamfutar ya farka. Ga ajujuwan nan a jere, da tagogi da ƙofofi, saura bango ɗaya. Ya riga ya kafa farkon layin a kusurwa, bai kai ga kafa ƙarshensa ba. Da hannuna ya motsa sai layin ya biyo ni, siriri, fari, yana lilo daga kusurwar yana jiran a nuna masa inda zai tsaya.

Na janye hannuna a hankali. Layin ya tsaya a tsakiyar ajin, a miƙe.