Bitamin ɗin Alhaji Gwadabe

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Sa'ida ta cika shekara bakwai a gidan Alhaji Gwadabe, mai kayan yaji a kasuwar Kurmi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Uwarsa, Hajiya 'Yardada, ta rantse in babbar salla ta zo babu ciki, yarinya gidansu za ta koma. Ni katanga ɗaya ta raba mu da su a unguwar Sheshe, kuma katangar ba kauri gare ta ba.

Sa'ida ta sha rubutu, ta sha saiwa, har wata likita ta ce lafiyarta ƙalau, a kawo maigida. Da ƙyar ya je ya ba da maniyyinsa a 'yar kwalba. Aka leƙa a madubin likita, iri na nan amma malalata ne, rabi a kwance. Likita ta keɓe shi ta rubuta masa bitamin, wai suna hana iri lalacewa, ya sha kullum, bayan wata uku ya dawo.

To a gidan su Gwadabe, tun kakanni, maganin haihuwa mace ke sha. Kowace safiya sai ya tsaya a kan Sa'ida ta haɗiye, wai umarnin likita ne. Yarinya ta yi sheƙi kamar an shafa mata man shanu.

Ranar komawa na ce ƙafata ke ciwo, na bi su.

Likita ta duba sabon gwaji ta ce, "Alhaji, yadda na bar su haka suke. Ana shan maganin kuwa?"

"Ana sha, likita."

"Wa ke sha?"

Bawan Allah ya kama gyaran hula.

Sa'ida ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar gwajin, ta ninke, ta ce, "Alhaji, zaɓi ɗaya. Ko ka gaya wa Hajiya da bakinka yau, ko in ba Iya Hasana ta kai mata."

Iya Hasana ni ce. Ya juyo ya dube ni, na yi masa murmushi da haƙorana huɗu.

Kafin la'asar ya shiga ɗakin uwarsa. Daga ranar Hajiya ta daina zancen saki, ta koma cewa haihuwa ta Allah ce, ita da kanta ke tsare shi ya haɗiye. Ni kuwa na riƙe amana, ƙawayena Dije da Talatu kaɗai na gaya wa.