Hannu a Kan Kafaɗa

Mutumin nan mahaifinta ne, ko aiko shi aka yi? Wata uku ke nan ina juya tambayar, kuma ban fi ranar farko sani ba.

Ni mai hoto ne. Ba wanda ya koya mini. Tsohuwar kyamara na saya a hannun wani bakanike, na yi ta ɓarna har hannuna ya faɗa. Ƙa'idodina biyu ne. Ta farko, ba na yanke hoto. An sha kawo mini hoton iyali a ce in cire tsohon miji ko ɗan'uwan da aka ɓata da shi, in ce wanda ya tsaya a wurin ya riga ya tsaya. Ta biyu, in na fita zanga-zanga ƙeya nake ɗauka. A shago fuska ce abincina, amma a titi fuska tana iya kai mutum inda ba a dawowa da wuri.

Ranar da 'yan kasuwa suka fito saboda rushe rumfunansu, na bi su ta baya kamar kullum. Daidai ina dannawa wani abu ya fashe a bayanmu, mutum takwas suka waiwayo lokaci guda. Da na wanke hoton na ga fuskoki takwas tar, sai na kulle shi a durowa. Wanda na ɗauka kafin shi, na ƙeya zalla, shi na manna a gilashin shago. A makon ne aka fara bin mutane gida-gida ana kamawa.

Wata safiya wani dattijo ya daɗe a gaban gilashin, sannan ya shigo. Matata tana zaune a gefe tana jera hotuna a albam.

"Ɗana, waccan mai mayafi a tsakiya 'yata ce," in ji shi.

"Baba, ƙeya ce fa."

"Kafaɗarta ta hagu a sauke take. Haka uwarta ma." Ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Shekara shida rabona da ita. Mun yi faɗa, ta bar gida. Ka ba ni wanda ta juyo a ciki."

"Wa ya ce ta juyo?"

"Mai hoto ba ya danna sau ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta tayar mini da hankali. Na dubi takalminsa, ya sha goga. Na dubi biro biyu a aljihunsa. Na ce ba ni da wani hoto. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba a yi masa ƙarya, ya fita.

"Ka kori tsoho," in ji matata.

"Kin ga takalminsa?"

"Na gani. Kai da ba ka goge naka, kowa mai tsafta ɗan sanda ne a wurinka."

Washegari ya dawo da ambulan. A ciki akwai tsohon hoto: mace a kan kujera, da yarinya 'yar shekara goma sha biyu a tsaye. Labulen bayansu nawa ne, wanda ɓera ya cinye tuntuni. Na juya bayan hoton, ga hatimin shagona. Yarinyar kuwa ita ce, ko makaho ya shafa zai gane. Sai dai an bi gefen hoton da almakashi an cire mutum guda. Abin da ya rage nasa hannu ne kawai, a kan kafaɗar yarinyar.

"Ita ta yanke ni, daren da za ta tafi," in ji shi. "A kan katifa ta bar mini wannan."

Na dubi hannun da ke hoton, na dubi wanda ke kan teburina. Yatsu biyar nan, yatsu biyar can. Babu zobe, babu tabo. Na yi ƙoƙarin tuna ranar da na ɗauka, amma iyalai nawa suka tsaya a gaban labulen nan? Uba zai iya riƙe irin wannan hoto shekara shida. Wanda ya kutsa ɗakin mace ya birkice mata akwati shi ma zai iya fitowa da shi, kuma almakashi ba ya wuyar samu.

"Me ya haɗa ku faɗa?" na tambaya.

"Ba zan gaya maka ba. Laifina ne."

Ɗan aike zai zo da labari a shirye, na ce a raina. Sai kuma na ce, gwani ya san haka.

Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Bayan ya fita matata ta rufe albam.

"In ubanta ne, ka hana shi ganin 'yarsa. In ba shi ba ne, ai ya riga ya san fuskarta, ga ta nan a ambulan. Sauran bakwai ɗin yake nema."

"To?"

"To ka ba shi ita kaɗai."

"Ba na yanke hoto."

"Na sani, maigida. A kabarinka ma za mu rubuta."

Abin da ke cina shi ne fuskar 'yar shekara goma sha biyu daban, ta yau daban, kuma ta yau tana tsakiyar titi.

Da dattijon ya dawo, ya zauna a benci ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na lura idonsa bai je kan durowar ba ko sau ɗaya, na kuma rasa ko hakan alheri ne. Na juya masa baya na buɗe ta. Fuskoki takwas suna kallona, ita a tsakiya, baki a ɗan buɗe. Wani daga cikin 'yan kasuwar ya dafa kafaɗarta, kamar zai janye ta daga hanya.

Matata ta miƙo almakashinta ba tare da ta ɗago kai ba. Na karɓa, na fara daga gefen hagu, ina bin kafaɗar a hankali don kada ko ɗan yatsa ya rage.