Turbon Tirela

Mujaheed ɗan mai albasa ne a Goronyo, kuma abin da kasuwa ta koya masa tun yana yaro shi ne babba ta fi ƙarama daraja. Da wannan ilimi ya shiga garejin Ɗantani bakanike a Wurno neman turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska don mota ta ƙara gudu.

Mahbuba ce dalili, yarinyar da ko sunanta aka ambata sai ƙirjinsa ya buga. A bikin baya ta shiga motarsa rakiyar amarya, mai babur da buhun gero ya wuce su. Ta ce ranar Asabar, da za a kai ƙawarta amarya Goronyo, za ta sake gwadawa. In aka ƙara wuce su, ita da motarsa har abada.

Ɗantani ya dire guda biyu a ƙasa.

"Ƙaramin ga shi ne daidai injinka. Kana taka totur shina amsawa."

"Wancan fa, Baba?"

"Na tirela ne. Hayaƙin salansa ke juya shi, motarka kau ba ta da wanga numfashi. Sai ka gaji da taka kafin shi farka."

"In ya farka fa?"

"Ka gaishe min da mutanen Nijar."

Mujaheed ya ɗaga babban, ya jinjina a hannu, ya ɗan matsa shi don ya ji ko akwai ruɓa. "Ɗaura wanga."

Ranar Asabar turbon bai farka ba. Da mota ta fara ɗaukar wuta sai rami, an fita rami sai garken shanu. Motar amarya ta wuce su. A-kori-kurar da ta ɗauko gado ta wuce su, wata tsohuwa bisa katifa tana ɗaga musu hannu. Mahbuba kuwa taga kawai take kallo. Idon Mujaheed ya cika da ƙwalla, ya danne totur har ƙasa.

Daf da Goronyo hanya ta miƙe. Wani fito ya taso daga cikin inji. Suka wuce tsohuwa, suka wuce amarya, suka wuce kwanar gidan ango, suka wuce kasuwa. Sai bakin wata gonar dawa birki ya yarda.

Mahbuba ta gyara mayafinta.

"Mi sunan abin ga?"

"Turbo."

"Cire shi." Ta juyo ta dube shi. "Akwai biki garin Rabah sati mai zuwa. Ka zo da wuri."