Sarƙa Mai Kwaɗo Biyu

Ni dai tun a wajen taron na faɗa musu. Na miƙe a gaban kowa, tef ɗin awo na rataye a wuyana don daga kan keken ɗinki na taso, na ce, "Ku rufe layi in kuna so, amma ku sani Asabar ranar wankin ƙodar maigidana ce, kuma inji ba ya jiran kowa." Ciyaman ɗin layinmu, tsohon malamin makaranta mai son jin muryar kansa, ya ɗaga mini hannu. "Maman 'yan biyu, kwantar da hankalinki. Kina fitowa za a buɗe miki."

Ba wai ban san abin da ya tunzura su ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da filin wasan kwaleji. Da can ƙwallo kawai ake bugawa, a yi ihu a watse. Tun da hukumar kwalejin ta fara ba manyan mawaƙa filin muka shiga uku. Kiɗa ya yi ta girgiza gilasan taga, motoci su cika layi har bakin ƙofar mutum, da safe ka tarar da kwalabe da fitsari a jikin katangarka. Mun je mun kai kuka, aka zaunar da mu a kujeru masu laushi, aka ba mu ruwan sanyi, aka ce za a duba. Shi ne 'yan layi suka ce za su duba da kansu. Aka sa mai walda ya kafa ƙarafa biyu a bakin layi, aka ɗaura sarƙa, aka bar 'yar hanya a gefe don masu tafiya a ƙasa.

Sai kuma rigimar makulli. 'Yan saman layi suka ce in aka ba 'yan ƙasa, za su riƙa buɗe wa baƙinsu a ɓoye. 'Yan ƙasa suka ce ai wajen wannan halin na sama sun dame su sun shanye. Da aka gaji da cacar baki aka sa kwaɗo biyu, sarƙa ba ta buɗuwa sai makullai biyu sun haɗu. Ɗaya na wajen Ciyaman, ɗaya na wajen mai aski, wanda shagonsa ke daf da sarƙar, ya kuma rantse ko gobara ake ba ya barin shago ranar wasa. Har tafi aka yi wa wannan dabara.

Wanda bai zauna da mai ciwon ƙoda ba ba zai gane ba. Daga wanki zuwa wanki ruwa ke taruwa a jiki. Kafin Asabar ta zo ƙafafun maigidana sun kumbura silifas ba ya shiga, numfashi sai a zaune, da filo uku a bayansa. Asibitin kuwa injin kaɗan ne, marasa lafiya ga su nan jere a benci. Ka makara, a ɗora na bayanka, kai kuma sai Allah ya yi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas, yanzu ni nake tuƙa shi a tsohuwar motarsa, yana gefe yana koya mini canja giya kamar yau na fara.

Ranar, tun azahar suke gwajin lasifika. Wani ƙato yana ta "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu," sai ka ce bai san abin da ke bin biyu ba. Na shirya maigidan da wuri, na lallaɓa shi cikin mota, muka gangara bakin sarƙa. Wajen layi ya fara cika da matasa, amma bakin sarƙar a buɗe yake, da an sauke ta sai titi. Na danna hon.

Ciyaman ya fito da makulli rataye a wuya kamar lambar yabo. Ya durƙusa ya buɗe nasa kwaɗon, ya ɗago yana murmushi. "Kin gani? Ai na faɗa miki." Sannan ya juya wajen shagon mai aski. Ƙofa a rufe.

Na fita na buga ƙofar gidansu, matarsa ta leƙo da goyo. "Wayyo Yaya, yanzun nan wasu suka zo daga filin, wai makaɗan na neman wanda zai gyara musu gashi kafin su hau. Ya ce yanzu zai dawo."

"Makullin fa?"

"Ai yana aljihunsa. Ya ce amana ce, ba zai ba kowa ba."

Amana! Na ciro waya na kira shi, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Ranar wasa haka take, mutane sun yi wa sabis yawa, ko a ɗaki ɗaya kake da mutum sai dai ka yi masa ihu. Ciyaman ya ce bari ya aika a nemo shi. Na ce a aika wa? Cikin wannan taron, da masu gadi a kowace ƙofa suna tambayar tikiti?

Na ruga gidan mai walda. Ya fito ba riga, ya dubi sarƙar, ya sosa ƙeya. Shi ya zaɓo ta da kansa, irin ta jan manyan motoci, ya yi mako yana cika baki cewa ba a haifi ɓarawon da zai yanke ta ba. Ya ce injin yankansa zai ci ta, amma sai a hankali, kuma sai an jawo wayar wuta daga gidansa.

"To jawo mana!"

"Dakata tukuna," in ji Ciyaman. "In aka yanke, da me za a mayar? Kin ga motocin can? Minti ɗaya layin nan zai cika. Kuma wannan shawarar kwamiti ce, ni kaɗai ba ni da hurumin…"

Wallahi ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Na ce, "Malam, dubi cikin motar nan. Dube shi! Kwamitin ne zai yi masa numfashi?" Maigidan na zaune, baki a buɗe, kafaɗunsa na hawa da sauka. Ya ɗaga yatsa yana nuna mini in saki dattijo. Na sake shi. Ciyaman ya gyara riga, ya ce to a yanka, amma a shaida ba da son ransa ba.

Muna wannan jayayyar, mai walda na warware waya, sai wata doguwar baƙar mota ta zo ta faka a bakin sarƙar daga waje, ta toshe shi kaf. Ina laifin mai motar, ya ga hanya a rufe, ya ɗauka wurin ajiye mota ne. Na yi ihu, na ɗaga hannuwa. A daidai lokacin aka saki kiɗan gaske daga filin, har ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafata. Wani yaro ya fito daga motar da budurwarsa, ya ɗago mini hannu yana dariya, ya zaci gaishe shi nake. Kafin in tsallake sarƙar taro ya haɗiye su. Wata motar ta zo ta tsaya a bayan tasa.

Na tsaya ina kallon agogon mota.

Mai walda ne ya ajiye wayar ya tafi, sai ga shi da baron da yake ɗaukar ƙarafa. Ya shimfiɗa bargo a ciki. "Baba, ka yi haƙuri. In muka kai babban titi za a samu tasi."

Maigidan ya dubi baron, ya dube ni. Mutumin da ko a asibiti ba ya yarda a tura shi a keken marasa lafiya, sai dai ya dafa bango. Sai ya miƙo mana hannuwa. Da muka zaunar da shi, ƙafafun nan na reto a gaba, ya ja numfashi ya ce wa mai walda, "Direba, a hankali, akwai fasinja." Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Muka bi ta 'yar hanyar gefe muka faɗa cikin mutane. Kowa filin ya nufa, mu kaɗai muke komawa baya. Ina gaba ina ture su da gwiwar hannu, ina "Hanya! Mara lafiya!" amma ni kaina ba na jin muryata. Wasu suka matsa. Wasu suka ɗaga waya suna ɗaukar mu hoto, wata yarinya mai ƙyalƙyali a fuska har da rangaɗa guɗa, ta ɗauka cikin wasan ne. Maigidan ya jawo hularsa ya rufe fuska. Tayar baron ta faɗa rami, ya yi baya, na tare kansa da ƙirjina, na ji yadda numfashinsa ke ƙara kamar ana tafasa ruwa.

Babban titin ma 'yan sanda sun rufe shi saboda wasan. Sai da muka wuce gidan mai, muka wuce kantin magani, mai walda ya jiƙe sharkaf, kafin muka samu tasi. Direban ya yi iya yinsa, Allah ya saka masa.

Muna shiga sashen wankin na hango gadon maigidan ta gilashi. Wata mata ce a kai, an riga an jona mata robobi, jini na zagayawa. Nas ɗin da ta saba da mu ta fito tana yarfe hannu. "Mama, mun jira, mun kira wayarki ba ta shiga. Ba zan iya cire ta ba." Ta dubi maigidan sau ɗaya, fuskarta ta canja, ta ƙwala wa likita kira. Suka wuce da shi wani ɗakin da gudu, aka rufe ƙofa a fuskata.

Gab da magariba na dawo ɗaukar masa kaya. Kiɗa na nan yana dukan unguwa. Layinmu kuwa fes, ba kwalba, ba baƙo, sai motarmu ita kaɗai a bakin sarƙa, ƙofar gefen maigidan a buɗe yadda muka bar ta. Mai aski ya dawo, yana hango ni ya shige shago ya ja labule.

Ciyaman na zaune a kan kujerar roba tare da wasu 'yan kwamiti. Ban jin ya lura da ni da farko, don na ji yana ce musu, "Yau dai ko mota ɗaya ba ta shigo ba." Sai ya gan ni, ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi.

"Maman 'yan biyu! An dai samu yin wankin ko? Ya jikin nasa?"

Na rufe ƙofar motar.

"Ba a samu ba," na ce. "Likita ya ce in kira 'ya'yansa su zo."